Tayoyin Zuwa Farin Dutse

Idanun Alhaji Manu ba lokaci ɗaya suka tafi ba. Daga gefe suka fara cinyewa, kamar tabarmar da gara ta samu. Likita ya kira ciwon hawan jinin ido, ya ba da maganin ɗigawa, bai kuma ɓoye gaskiya ba: abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya, sai dai a rage masa sauri. Kafin ƙarshen bazarar nan duniya ta koma wa Alhaji kamar mai leƙe ta hudar ƙofa. In zai dubi matarsa, Hajiya Barira, sai ya fara da goshi, ya gangaro hanci, ya tsaya a haɓa, sannan ya haɗa su a zuciyarsa.

Ana cikin haka ƙanensa Dabo ya bugo waya daga ruga, can bayan Farin Dutse, inda garken gidansu yake. Ya ce Wule ta haihu. Wule tsohuwar saniya ce mai farin goshi, jikar jikar karsanar da mahaifiyar Alhaji ta ba shi tun yana yawo ba wando, kuma kowa ya riga ya cire rai da haihuwarta. Dabo ya rantse maraƙar mace ce, goshinta sak na uwarta, kamar an buga hatimi.

"Sai na gan ta," in ji Alhaji.

Autansu Musaddiq, wanda yake aiki a sakatariyar Gwaram, ya zo hutun ƙarshen mako, ya ce, "Baba, ai Baffa Dabo zai iya turo hotonta ta waya."

"Hoto yana numfashi?"

Barira ta dubi gabas. Kwanakin nan hadari yana haɗowa da yamma, ya yi gurnani ya watse. Duk ranar da ya sauko da gaske, fadamar da ke tsakanin Farin Dutse da ruga za ta rufe, ba motar da za ta sake ratsa ta sai kaka. Ko idon Alhaji zai kai kaka, wannan Allah kaɗai Ya sani, kuma ita a ranta ba ta zaton zai kai.

Motar tana nan, tsohuwar jif ruwan ƙasa da Alhaji ya saya lokacin da yake tashen fataucin shanu zuwa kudu. Injinta lafiya lau. Tayoyin ne suka suɗe sumul kamar tafin hannu, ko kan ciyawar tsakar gida sai su yi santsi. Aka tsayar da magana: da safe a biya wajen Safiyanu mai taya a bakin titi, a sauya su, a miƙe.

Barira tsohuwar malamar firamare ce, kuma abin da ta fita da shi daga aji, ban da ciwon gwiwa, shi ne wata tambaya da ta addabi gidan kaf: "Wa ya ce?" In aka ce kada a yi shara da magariba, wa ya ce? In aka ce ruwan sanyi ne ke kawo mura, wa ya ce? Ba gardama take ba, so take a kawo mata mutumin ta gan shi. Amma kwanan nan tambayar ta yi sanyi a bakinta, don wani mafarki ya maƙale mata, ko gyangyaɗin rana ta yi sai ya zo. Shanun nan da mutanen zamanin baya suka zana a jikin duwatsun bayan gari, waɗanda ta sha kai ɗalibai kallo, su take gani suna saukowa daga dutse ɗaya bayan ɗaya, jajaye, sirara, suna tafiya a kan kwalta ba ƙarar kofato. Alhaji yana bin su da sanda a kafaɗa, yana saurayi, ba ya waiwaye.

Rumfar Safiyanu tana ƙarƙashin wani durumi. Tayoyi a jere, sababbi a naɗe cikin leda, na hannu waɗanda ake kira Beljiyam a tule kamar dalar gyaɗa. Barira ta zauna a benci a inuwa, ta jingina da jikin bishiya. Warin roba da zafin hantsi suka taru suka yi mata nauyi a ido.

Musaddiq ne ya fara nuna wasu ƙatti masu faɗi, zanensu kamar bayan kada.

"Irin waɗannan abokina na ofis ya sa. Motar ta ɗaga, ta yi kwarjini. Babbar taya ai ita ce ta jeji."

"Wa ya ce?" in ji Barira, idonta a lumshe.

"Inna, kowa ya sani."

"To gaishe min da kowa."

Safiyanu ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, yau ma da bulalarki kika fito? Ni dai na sha tawa a aji uku."

"Ba ka sha ta isa ba, da yanzu kana asibiti kana duba idon Alhaji."

Alhaji bai kula su ba. Ya miƙa wa Musaddiq sandarsa, ya naɗe hannun riga, ya ce a kai shi wajen na hannun. Shekara da shekaru ba a taɓa cutarsa a kara ba. Dillalai in suka hango shi sai su janye dabbar da aka yi wa kwalliya. Yanzu da ido ya gaza, hannun nan shi ya rage masa, kuma ya san da haka. Ya durƙusa, ya dafa taya ta farko yadda ake dafa tozon sa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya zura yatsa cikin zanen.

"Wannan ta zubar da haƙora, tsohuwa ce. Kawar."

Aka mirgino wata.

"Yauwa. Ji haƙora a cike. Wannan tana kan ganiyarta. Ware min ita."

Haka ya bi tulin nan, kowace taya da hukuncinta. Wannan ƙirjinta ya yi masa, waccan ta cika hannu, ga wata doguwa mai ƙashi wadda ya ce ko ita kaɗai za ta ja motar. Ya ware huɗu, kowace daga gidansu daban, kowace gwana a karan kanta. Fuskarsa ta yi wani haske da Barira ta daɗe ba ta gani ba.

Safiyanu ya sosa ƙeya, ya fara, "Baba Alhaji, sai dai fa wannan doguwar..."

"Doguwar me? Yaro, tun ubanka yana tallan rake nake zaɓen dabba."

Safiyanu ya dubi Musaddiq, Musaddiq ya dubi ƙasa. Wa zai ce wa dattijon da idonsa ke tafiya hannunsa ma ya yi kuskure? Aka kawo jak, aka ɗaga mota, aka ɗaura, doguwar a gaba ta hannun dama, don an ce mai ƙarfi ita ake sawa a gaba. Barira tana jin ƙarar sifana daga nesa, kamar daga ƙasan rijiya. Da tana farke sosai da ta tambaya wa ya ce. Jajayen shanun sun riga sun sauko daga dutse.

Suka ɗauki hanya, Alhaji a gaba kusa da Musaddiq, ita a baya da kwandon goro da sukari na matan ruga. Gonaki a share, ana jiran ruwa. Kawalwalniya tana rawa a kan kwalta, duwatsu suna iyo a cikinta kamar jiragen ruwa. Ba su yi nisa ba ta lura kafaɗarta ta hagu tana ta neman ƙofa. Ta gyara zama, ya koma. Ta dubi hannun Musaddiq, ta ga ya riƙe sitiyari ya ɗan murɗa shi dama, jijiyoyin hannunsa a tashe, alhali titin a miƙe yake kamar zare. Daga ƙarƙashi kuma wani nishi yake tasowa, ya zo ya tafi, ya zo ya tafi.

"Titin nan ya karkace," in ji Alhaji. "'Yan kwangila ba tsoron Allah."

Musaddiq ya ce, "Haka ne, Baba."

Nishin nan ta san shi. Ta rufe ido don ta gano inda ta san shi, sai ga ta a Yalwan Damai, tana yarinya, tana biye da babanta a gona da ƙwaryar iri a kai. Shekarar da sansu ɗaya na huɗa ya mutu ana gab da shuka, baban ya aro wani ƙaton bijimi, kyakkyawa, kowa yana yaba shi, ya haɗa shi karkiya ɗaya da gajeren da ya rage. Ƙaton ya yi taku ɗaya, gajeren sai ya yi ɗaya da rabi. Garma ta dinga zamewa wajen gajeren. Kunyoyin shekarar nan suka fito a lanƙwashe kamar lauje, wuyan gajeren ya sale, da yamma yana irin wannan nishi.

Ta buɗe ido. Gabas ta fara yin shuɗi-shuɗi mai duhu a ƙasa. In suka juya, sun ci rabin yini. In ba su juya ba, motar da ke kokawa da kanta a kan kwalta me za ta yi a yashi da laka?

"Alhaji," ta ce, "mafarki na yi yanzu."

"Ke kullum cikin mafarki kike, Malama."

Ta ba shi labarin shanun babanta, a hankali, kamar da gaske mafarkin take faɗa, har da launin bijimin da ƙudan da suka taru a wuyan gajeren. Ta gama, motar ta yi nishinta sau biyu kafin ya amsa.

"Mota ai ba sa ba ce."

"Ni na ce sa ce? Kai ka fara duba mata haƙora."

Musaddiq ya yi tari don ya danne dariya. Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a kan gaban mota, ya bar shi a nan, yana sauraro da fatarsa. Can ya ce, "Zaɓen kasuwa na yi."

"Zaɓen kasuwa ka yi, kuma ba wanda ya fi ka. Sai dai waɗannan ba sayar da su za mu yi ɗai-ɗai ba. Aiki ɗaya za su yi."

"Auta, juya."

Safiyanu yana hango su ya miƙe, ya jawo jak. Da aka kwance tayoyin gaba, Barira ta sa aka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa, ta tashi daga bencin ta ce a ɗora katakon bencin a kansu. Ta kamo hannun Alhaji ta aza a tsakiyar katakon, sannan ta ciro kwalbar maganin idonsa daga jaka, ta kwantar da ita a can ƙarshen doguwar, ta sake. Kwalbar ta gangaro, ta bugi yatsunsa.

"Karkiya ta karkace," in ji shi, a hankali, kamar mai ta'aziyya. Sai kuma ya ɗaga murya, "Kai Safiyanu, kana gani ka yi shiru?"

"Baba Alhaji, na fara magana ka tuna min da raken babana."

"Ai sai ka gama maganar, raken ya ƙare tuni!"

Barira ba ta saki hannun ba. Ta gangaro da shi daga zanen zuwa gefen tayar, inda robar take sumul. "Ka duba haƙora. Fatar fa? Ko yanzu a kara an daina shafa fata?"

Yatsunsa suka bi gefen, suka tsaya, suka koma baya. Ƙananan tsaga ne birjik, ido ma da ƙyar yake ganinsu.

"Faso," in ji shi. "Kamar dugadugan tsohuwa."

"Kada ka dube ni."

Safiyanu ya ce ai haka wasu suke, sun shekara da shekaru a ajiye a ƙasar da suka fito, ba su taka ƙasa ba balle zanen ya ci, amma robar ta bushe. Rana ta dake su a hanya mai zafi sai su fashe. Alhaji ya jinjina kai. Dabbar da ta tsufa ba ta zubar da haƙori ba, wannan bai taɓa gamuwa da ita ba sai yau.

Musaddiq ya ga ƙofa ta buɗe, ya sake nuna ƙattinsa. "To tunda huɗu iri ɗaya ake so, ga su nan, sababbi fil."

"Da wa za ka auna su?" in ji Barira. "In sa ɗaya ya mutu, da wanda ya rage ake auna sabo."

Ta nuna safayar da ke maƙale a ƙofar baya cikin rigarta, wadda ta zo da motar tun daga kamfani, ba a taɓa sauke ta ba. Aka sauko da ita. Ita ma ta tsufa, ba a yarda ta yi doguwar tafiya ba, amma tsayinta da faɗinta su ne waɗanda aka ƙera motar a kansu. Aka tsayar da ƙatuwar Musaddiq kusa da ita, aka ɗora katako, kwalba ta gangaro da gudu har ta faɗi ƙasa. Safiyanu ya ƙara da cewa masu faɗin nan in an murɗa sitiyari sosai suna gugar jikin mota, ga shan mai, ga kuka a kan kwalta kamar injin niƙa.

"Abokinka kurma ne?" Alhaji ya tambaya.

"Kiɗa yake ƙurewa, Baba."

Aka fito da sababbi masu lamba ɗaya da ta safaya, iri biyu: masu laushin zane na cikin gari, da masu zane matsakaici, ba na gayu ba, ba na bayan kada ba, waɗanda za su iya kwalta su iya burji. Alhaji ya shafa duka biyun ya zaɓi na biyun da kansa. Bai yarda da leda ba. Sai da aka yage, ya bi kowace haƙori da fata, ya sa aka ɗora katako a kan biyu-biyu, kwalbar ta zauna daram a tsakiya kamar an kafa ta.

Sai bayan azahar suka sake ɗaukar hanya. Wannan karon motar ta yi shiru, Musaddiq yana tuƙi da yatsu uku. Barira ta jingina, duwatsu da bishiyoyin kuka suna wucewa, tana shiga barci tana fita. A Gwaram suka yi la'asar a gurguje. Rabin sama ya riga ya yi baƙi, iska tana ɗauke da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri.

Bayan Farin Dutse burji ya ƙare, yashi ya fara. Motar ta yi gaba kaɗan, ta fara haƙa. Musaddiq ya tsaya, ya fita, ya durƙusa gaban taya ta farko, sai suka ji tsss.

"Kai! Me kake yi?" in ji Alhaji. "Iskar da aka cika yanzu? Taya ai da tauri take aiki!"

Musaddiq ya leƙo ta taga, ya dubi uwarsa, ya dubi ubansa. "Wa ya ce, Baba?"

Barira ta rufe baki da mayafi.

"Raƙumi da faɗin tafi yake taka yashi," in ji Musaddiq. "In mun dawo kwalta a mayar mata."

Ya rage wa huɗun daidai wa daida, ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu. Motar ta taso daga ramin da ta haƙa, ta bi kan yashin tana lilo kamar kwalekwale. A fadama ƙasa ta riga ta yi danshi, baƙa, tana kama ƙafa. Suka ratsa a hankali, laka tana tsalle tana bugun ƙasan mota. Barira ta leƙa baya ta ga sawu biyu a miƙe, kamar kunyoyin shekarar albarka. Da ta juyo, sai ga su a gaba: shanu suna gangarowa daga gindin wani dutse ɗaya bayan ɗaya, rana ta huda ƙasan hadari ta rine su ja. Ta murza ido. Wannan karon da ƙarar kofato, da ƙura, da muryar Dabo yana kiran sunayensu.

Aka yi gaisuwa a tsaitsaye, don ɗigon farko ya fara sauka, manya-manya, jefi-jefi. Dabo ya shiga garke ya fito rungume da maraƙar, uwar tana biye tana kuka ƙasa-ƙasa. Ya dire ta gaban yayansa.

"Juya ta wajen rana," in ji Barira.

Alhaji ya durƙusa a kan ƙasa mai danshi. Ya riƙe kan maraƙar da hannu biyu, ya ja baya kaɗan, ya matso, yana neman inda hudar ƙofarsa za ta faɗa. Barira ta ga idonsa yana yawo, ya bi kunne, ya ɓata, ya dawo, ya bi hanci mai laima, ya haura. Ya tsaya. Maraƙar ta hura masa iska a gemu. Ya daɗe a haka, ruwa yana ɗiga a hularsa.

"Dabo."

"Na'am, Yaya."

"Ƙarya ka yi min."

"Subhanallahi! Wace ƙarya?"

"Ka ce sak na uwarta. Na uwarta a tsakiya yake. Wannan ya zame hagu, ga kuma ɗan baƙin ɗigo a ƙasansa. Na kakarta ne, wadda kura ta ja a shekarar fari."

Dabo ya sunkuya ya ƙura ido, ya kamo kan Wule ya duba, ya sake duba maraƙar. "Wallahi haka ne. Kullum ina tare da ita ban lura ba."

"Ina za ka lura, idanu sun yi maka yawa."

Ruwan ya ƙara ƙarfi. Musaddiq ya ce in ba su juya yanzu ba fadama za ta riƙe su. Alhaji bai saki kan maraƙar ba.

"Malama, zo ki riƙe min ita ta wannan gefen. Ban ga ƙafafun ba tukuna."